Sifika Shida da Ƙeyar Baba

Idan ka tambayi Tasi'u mai gyaran rediyo na Kanyar Maje abin da ya fi sani a jikin mahaifinsa, ba zai ce maka fuska ba. Ƙeya zai ce. Shi da bakinsa yake faɗa, yana dariya har da dukan cinya, wai da za a jera ƙeyoyin dattawan ƙasar nan kaf, tun daga Gezawa har Zakirai, da ido ɗaya a rufe zai nuna ta Malam Mika'ilu. Ga wani tsohon tabo a ƙasan hula, ga layuka uku da rana ta zana a wuya. Shekara talatin ya yi yana karatun wannan ƙeya, kuma ya ce ko baƙi ɗaya bai karanta daidai ba.

Tasi'u ɗan fari ne, saboda haka tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin Malam Mika'ilu ba. "Kai" ne sunansa, in an so a girmama shi a ce "yaron nan", har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Wannan bai taɓa damunsa ba, kowane ɗan fari ya san rabonsa. Abin da ya dame shi noma ne. A zamaninsa Malam Mika'ilu shi ne barden noman yankin, in aka yi gayya shi ke shige gaba, sai ya kai ƙarshen gona ya dawo ya tarar da samari a tsakiya suna haki. To, Allah da ikonsa, sai ya ba wannan mutum ɗan da in ya ja huɗa, layin kan fita kamar inda maciji ya bi ta cikin yashi. Tasi'u ya yi iya ƙoƙarinsa. Garma ce dai ba ta sonsa, shi ma bai matsa mata ba. Hannunsa ya fi sabawa da sukurdireba, tun yana ɗan makaranta babu rediyon da ya kwana lafiya a gidansu.

A shekarar da ya cika sha bakwai aka yi wata babbar gayya a gonar mai unguwa. Kawunsa ya dawo daga aikin hajji da wata rakoda mai kunne biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, aka ce a ɗauki kiɗan ranar don tarihi. Da aka duba wanda layin manoma zai fi ƙaruwa da rashinsa, ba a sha wahalar zaɓe ba. Aka rataya wa Tasi'u rakoda.

Uwaisu makaɗi ya saɓa gangar noma da yaransa, manoma suka jeru, aka sunkuya. Tasi'u ya shige gaban mahaifinsa yana tafiya da baya da baya, ya miƙa rakoda kamar mai ba jinjiri abinci, don kada ko numfashin barde ya wuce ba a ɗauka ba. Uwaisu yana zuba wa Mika'ilu kirari, Mika'ilu yana amsawa da wani gurnani daga ƙirji, ƙasa tana tashi. A haka dugadugan Tasi'u suka ci karo da suri, ya tafi rigingine, amma bai saki rakodar ba. Har yau in ka saurari kaset ɗin, a wajen tsakiyarsa za ka ji wata siririyar murya ta ce "wayyo!" Wannan ita ce gudummawar Tasi'u ga tarihin noma.

Washegari da hantsi ya kawo rakodar soro, ya ajiye a gaban mahaifinsa, ya danna. Ganga ta yi bugu uku, huɗu. Malam Mika'ilu ya ɗaga jiki, ya ja buzunsa, ya juya ya fuskanci bango, ya ba rakodar baya. A haka ya zauna har kaset ya ƙare, sannan ya tashi ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Tasi'u bai buƙaci tafinta ba. Ya fassara wa kansa ƙeyar nan tsaf: ga ɗan barde, ana noma yana riƙe da akwati. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai gaya wa kowa ba sai da ya tsufa ya iya mayar da shi abin dariya.

Shekaru suka tafi. Uwaisu ya rasu, yaransa suka watse, wani ya koma tuƙin babur a birni. Garmar shanu da maganin feshi suka cinye gayya. Tasi'u ya kafa rumfar gyara a bakin titi, ya auri Ramlat, suka haifi Tahira da ƙannenta, yana ɗan taɓa gero da wake a gonar gado yadda dai ba za a yi masa gori ba. Amma duk shekara, da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, sai Malam Mika'ilu ya ce, "Kai, sa wannan abin naka." Tasi'u ya ɗauko kaset, ya danna, tsoho ya ja buzu ya fuskanci bango.

Mai hankali da ya tambayi kansa, wanda ba ya son abu me zai sa ya riƙa neman a sa masa shi duk damina? Tasi'u ya tambayi kansa, ya kuma ba kansa amsa irin ta masu gyaran rediyo: Baba yana son kiɗan Uwaisu, na'urar ce ba ta kai ba. Sauti ya yi siriri, ganga tana fita kamar ana dukan gwangwani, dole barde ya kau da kai. A samo babbar rediyo, Baba zai juyo. Ya samo babba, Baba bai juyo ba. Ya samo mai sifika biyu da ake rabawa, ya ɗora ɗaya a kan buhu ɗaya a kan taga, ya ga ƙeya. Ya harhaɗa wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da hannunsa, wadda in ta yi zafi sai an yi mata fifita, nan ma ƙeya. Buri ɗaya ya rage masa a duniya, kuma ya san ƙaramin buri ne har yana jin kunyar faɗa: sau ɗaya tak mahaifinsa ya saurari aikinsa yana fuskantarsa.

Shekara uku da suka wuce ya shiga Kano sayen kayan gyara, ya biya ta shagon wani abokinsa Abdulkabir mai kayan gwanjo a Sabon Gari. A can ƙarƙashin kanta ya hango wata baƙar amfilifaya mai nauyin jaki, da sifikoki shida a ɗaure da igiya: biyu na gaba, ɗaya ta tsakiya, biyu na baya, da wata ƙatuwa mai gurnani.

"Wannan don kallon fim aka yi ta," in ji Abdulkabir. "Amma akwai dikoda a cikinta. Ka ga maɓallin nan? In ka sa mata kiɗa na hagu da dama, sai ta tsince abin da ke tsakiya ta ba ta tsakiya, abin da ya warwatsu kuma ta jefa shi bayanka. Sai dai fa ba kowane faifai ke yarda ba. Wani ya buɗe kamar fili, wani ya ƙi."

"Wane ne ke yarda?"

"Wallahi ban sani ba, Malam Tasi'u. Ni sayarwa nake yi."

Ragon da Tasi'u yake kiwo don layya bai ga sallar shekarar ba a gidan, shi ya biya kuɗin kayan. Ya dawo a motar haya da ƙatuwar sifikar a kan cinya, sauran a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji, ana ta yi masa tsaki tun daga Kano har Gezawa. Ramlat ta tsaya a tsakar gida ta dubi kayan, ta dubi turken rago.

"Baban Tahira, wace ce a ciki za mu soya ran sallah?"

Ya ce mata ilimi ne ya shigo gidan. Ta ce to, Allah ya sa ilimin yana da kitse.

Daga nan Tasi'u ya shiga wani bincike da ba wanda ya aike shi. Ya rataye sifikokin a rumfa, ya ja waya daga batirin sola, ya samo tsohon littafin makarantar Tahira da ya rage shafuka, ya fara bin kaset-kaset da faya-fayan da ya tara shekara da shekaru ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe ya rubuta shi a gaba, wanda ya ƙi ya rubuta shi a baya. Akwai kuma waɗanda ya sa wa suna munafukai, su buɗe a waƙar farko su tsuke a ta biyu.

Ya gano abubuwa, wannan ba a hana shi ba. Yawancin waƙoƙin da yara ke turawa a waya, waɗanda aka haɗa a kwamfuta, gaba ɗaya suke cunkushewa a sifikar tsakiya kamar awaki a bakin rijiya, na baya su yi zugum. Kaset ɗin wa'azi kuwa, malam kan zauna a ta tsakiya ya ƙi motsi, sai wani tafsiri guda da aka ɗauka a filin masallaci, wanda in jama'a suka yi kabbara sai ka ji ta taso daga bayanka har tsigar jikinka ta tashi, ga wani bawan Allah yana tari a kusurwar hagu tun daga farko har ƙarshe. Tsofaffin faya-fayan kalangu da aka ɗauka makaɗa da 'yan amshi duk a ɗaki ɗaya, su ne sarakai. Mawaƙi ya tsaya a gabanka, amshi ya zagayo ta kafaɗunka. Kaset-kaset ɗin Sudan masu goge da yawa su ma suna buɗewa. Wata rana Ramlat ta kawo masa abinci rumfa yana gwada wani faifan biki, guɗa ta tashi daga sifikar baya, ta waiwaya da sauri tana neman matar da ta shigo ba sallama, miya ta zube a kan littafin. Shafin yana nan da tabon kuka, kuma Tasi'u yana nuna shi a matsayin shaida.

Matsalar mai ilimi ita ce sai ya koyar. Ya kifa wani tsohon turmi a daidai tsakiyar rumfa, inda ya auna da igiya, ya ce nan ne kaɗai sauti ke haɗuwa. Duk wanda ya kawo gyaran tocila ko 'yar rediyon aljihu sai ya hau turmin nan kafin a duba masa kayansa. Mutum ya taso daga gona a gajiye, yunwa tana cinsa, Tasi'u ya dafa masa kafaɗa.

"Ka ji? Ka ji kalangun ta baya?"

"Na ji, Tasi'u."

"Ta hagu ko ta dama?"

"Duk inda ka ce. In tafi?"

Mai shayin bakin titi ya raɗa masa suna Injiniya Kewaye, sunan ya bi shi. Mutane suka koma bi ta bayan rumfa. Wani dattijo da aka zaunar ya ji murya a bayansa ba mutum, ya tashi yana ta'awwuzi, bai ko tsaya karɓar rediyonsa ba. Tasi'u yana sane da duk wannan. Yakan ce a garin da kowa ke tunanin taki da ruwan sama, shi kaɗai Allah ya ɗora wa damuwar inda kalangu ya tsaya.

Amma kaset ɗin gayya bai sa shi ba. Damina biyu ta wuce yana sa wa tsoho a tsohuwar rediyo, yana kallon ƙeya, amfilifaya tana rumfa. Tsoro yake ji. In wannan ma ya ƙi buɗewa, ba shi da sauran na'urar da zai ɗora wa laifi.

Da rani na bana Malam Mika'ilu ya kwanta ciwo har aka fara kiran 'yan'uwa. Ya tashi, amma ya tashi da sanda, ido ya yi rauni, ƙeyar nan ta rame har layukan sun zama huɗu. Tasi'u ya dube shi ya san daminar da ta rage wa tsohon ba ta da yawa. Ranar ya rufe rumfa da rana tsaka, ya goge kan na'ura da auduga, ya sa kaset ɗin, ya hau turmi.

Ya buɗe. Bai taɓa jin abin da ya buɗe haka ba, ko faifan kalangu. Numfashin mahaifinsa da saran garma suka tsaya a gabansa, kusa, har kamar ƙasa za ta watso masa a ƙafa. Gangunan Uwaisu kuwa, da yake daga nesa rakodar ta tsince su sun bazu a fili, dikoda ta kwashe su ta zuba a sifikokin baya. Tasi'u ya zauna a tsakiyar gonar mai unguwa yana da shekara arba'in da bakwai, ya yi kuka shi kaɗai a kan turmi. Da "wayyo" ta zo, ta fito tar daga sifikar tsakiya, ba ta ɓuya ko kaɗan ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Ran Juma'a ya kwashe kayan zuwa soron gida. Ya ɗaure sifikoki a jikin azara, uku ta wajen ƙofa, biyu ta wajen bango, mai gurnani a lungu. Ya bar batir a rana tun safe. Ya auna tsakiya da igiyarsa, ya shimfiɗa buzu yana fuskantar ƙofa. Bayan la'asar Malam Mika'ilu ya dogaro sanda ya shigo, ya lalubi buzu ya zauna. Ramlat ta kawo fura ta ajiye, ta koma ta laɓe a bakin ƙofar cikin gida, don ta ce rago guda ya ba ta haƙƙin kallo.

"Kai, sa wannan abin naka."

Tasi'u ya tsuguna a gaban amfilifaya, ya yi bisimilla, ya danna. Ganga ta yi bugu uku, huɗu. Malam Mika'ilu ya ɗaga jiki da ƙyar, ya ja buzu, ya juya ya fuskanci bango.

Tasi'u ya dubi ƙeyar. Shi ke nan. Ya kai hannu zai kashe, sai ya ga wuyan tsohon ya sanƙare, kai yana karkata hagu da dama.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Me ka yi wa abin nan?"

"Gyara shi na yi, Baba."

"Ɓata shi ka yi! Wa ya kawo Uwaisu gabana? A gidan uban wa ka taɓa ganin makaɗi a gaban manomi, so kake in sare masa ƙafa? Ganga ai bayanka take bi, tana tura ka. Shekara talatin ina jin abina lafiya lau, in juya in sa shi a bayana inda yake, yau ka zo da wayoyinka ka dasa mini shi a goshi."

Tasi'u ya janye hannu daga maɓalli. Lissafin ya zo masa gaba ɗaya, kuma lissafi ne mai sauƙi har abin haushi. A duk mutanen da suka shiga gonar nan ranar gayya, kowa ya sunkuya ganga tana bayansa. Mutum ɗaya ne rak ya ji ta ta fuska, wanda ke tafiya da baya da baya riƙe da akwati. Da ya taɓa ja wa gayya layi ko sau ɗaya, da tun yana sha bakwai ya san abin da ƙeyar nan take cewa.

Ramlat ce ta cece shi daga bakin ƙofa. "Baba, da za ka juyo wajen ƙofa, ai yana bayanka. Yau shi ya riga ka juyawa."

Tsoho ya yi gunaguni a kan mutanen zamani da ba sa barin abu inda suka same shi. Ya dafa sanda, ya ja buzu, ya juyo. Karo na farko kaset ɗin yana tafiya fuskar Malam Mika'ilu tana kallon ɗansa.

Ya rufe ido. Uwaisu ya kira shi daga baya, kafaɗunsa suka amsa. Hannuwansa biyu suka kama sandar kamar ƙotar garma, ƙirjinsa ya yi ɗan gurnanin nan, ƙarami yanzu, yana bin na cikin sifika. Leɓunansa suna motsi da kirarin tun kafin makaɗi ya faɗa. Hawaye ya gangaro ya shige gemu, bai share ba. Tasi'u yana tsugune yana kallo, tausayi da kunya suka rufe shi, don ya gane wannan fuskar ba ta yau ba ce, bango ya daɗe yana ganinta.

Sai siririyar muryar ta ce "wayyo!"

Malam Mika'ilu ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, hawaye bai bushe ba. "Duk shekara in an zo nan sai na yi dariya," ya ce. "Ƙafafu sama, akwati sama. Amma bai sake shi ba, ka ga. Bai sake shi ba." Ya buɗe ido ya hangi inuwar mutum a gabansa, ya ɗaure fuska. "Kai, matsa daga gabana. Ran gayyar ma haka ka tsaya mini."

Tasi'u ya tashi ya zagaya, ya zauna a jikin bango, ƙarƙashin sifikokin baya, inda makaɗa suke. Daga nan abin da yake iya gani shi ne hula, da tabo, da layuka huɗu. Yakan ce wa masu hawa turmi, da rago guda da sifika shida da shekara talatin ya sayi abin da Baba yake samu da jan buzu, kuma da aka gama aka mayar da shi inda ya fara.

Kaset ya ƙare, na'ura ta yi ƙas. Malam Mika'ilu ya lalubi kwanon fura ya kurɓa, ya juya kai wajen ƙofar cikin gida.

"Ramlatu, ki gaya wa mijin naki, yau layinsa ya miƙe."

Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Kai, mayar da shi farko."